Ƙotar Bakan Ayuba

Tun da na dawo daga kudu ba a bar ni na sha iska ba. Duk wanda ya zauna a bencin ƙofar shagona sai ya ce, "Malam Sani, yaya Kafanchan?" In na fara ba da labari sai wani ya shigo a tsakiya ya ce a koma farko, ga aikin mutane yana jirana. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya, mai son ji ya karanta, wanda bai iya ba a karanta masa, ni kuma in koma kan zartona.

Ga wanda bai san ni ba, ni kafinta ne a Tudun Wadan Zariya. Ƙofa da taga da gado su ne abincina, amma abin da aka fi sanina da shi shi ne ƙotar bindigar mafarauta. Ba yabon kai ba, daga nan har Giwa in ka ga ƙotar da ta zauna daram a kafaɗa, tambayi mai ita wa ya sassaƙa.

Wanda na je dominsa sunansa Ayuba. Tare muka yi aikin reluwe muna samari, ni ina gyaran katakon taragu, shi yana cikin masu haɗa su. Kirista ne, mutumin wani ƙauye a gindin dutse ta wajen Fadan Kagoma, kuma da ya bar aiki can ya koma noma da farauta. Bara waccan bindigar toka ta fashe a hannunsa, ta tafi da yatsu uku na hagu, ta bar masa babba da ƙarami. Tun kafin wani ya tambaya, ba ni na yi ƙotarta ba, kuma ma ƙarfen ne ya fashe. Matarsa Saratu ta rantse bindiga ba ta ƙara kwana a gidanta. Baka kuwa da hagu ake riƙe shi, yatsa biyu ba su riƙe baka.

A garinsu ana farautar gari sau ɗaya a shekara, da rani, bayan amfanin gona ya shiga rumbu. Magidanta masu makami su ke jeruwa a bakin dutse, samari da karnuka su kewayo ta baya suna ihu suna koro nama. Wanda ba shi da abin harbi, komai furfurarsa, cikin masu kora ake sa shi. Bara haka aka yi wa Ayuba. Aka miƙa masa sanda, ya bi sa'o'in 'ya'yansa yana ihu a cikin ciyawa. Tun daga ranar ya daina zama cikin maza, majami'a ma sai an matsa masa. Ya ce bana in sanda za a sake ba shi, to, ba shi ba dutsen har abada.

Wanda ya kawo mini wannan labari wani ma'aikacin jirgi ne mai suna Etim, mutumin can ƙasan kudu kusa da iyakar Kamaru, amma Kafanchan yake zaune da iyalinsa. Ya zo shagona da wani tsohon abu a naɗe cikin buhu, ya ce na babansa ne, da shi suke harbin biri a kurmi. Baka ne, amma an gicciye shi a kan ƙota kamar ta bindiga. Ana jan tsirkiya a maƙale ta a wani gurbi, a kwantar da 'yar gajeruwar kibiya a cikin tsagin da ke kan ƙotar, a danna kunama ta ƙasa, sai ta tafi. Hannun hagu ba ya jan komai, tallafe kawai yake yi. Ni dai ban san masa suna ba, baka mai ƙota nake ce masa. Etim ya ce shi zai kawo itacen bakan da tsirkiya, ni in yi ƙota irin wannan tsohuwar, don ita gara ta gama da ita.

Na ɗaga tsohuwar na ji ta sakayau, na ce a raina mutanen kurmi ba su san itace ba. Na shiga cikin ajiyata na zaɓo kirya, busasshiya, wadda gara ke gani ta canja hanya. Maɗaci ma yana da kyau, shi na fi sa wa bindiga, amma abu na aboki ai sai wanda ya fi. Marke tsagewa yake, maje kuma ƙwaro ke cinye shi tun mai shi yana da rai. Na sassaƙa, na goge da samfefa, na shafa banish na bari ya bushe na sake shafawa, har ta kai in ka duba kana ganin haƙoranka. Na jera mata ƙananan ƙusoshin tagulla a gindi. Duk wanda ya shigo shago a makon nan sai da ya shafa ta.

Wannan ranin shi ne na bayan da jiharmu ta koma amsa sunan Kaduna. Da jirgi na yi niyyar tafiya, sai maƙwabcina ya ce ƙaninsa direba zai kai gishiri da kananzir Kachia ya ɗauko citta, in bi shi mana. Na bi shi. Ban sani ba ashe gaban motar ya riga ya cika, a baya aka ɗora ni kan buhunan gishiri tare da wasu mata da kwandunansu da wani tsoho mai akuya. Na kwance bakan da Etim ya kawo daban, ƙotar kuma na naɗe ta cikin buhu na rungume.

Mun fita Kaduna kaɗan muka tarar da shingen sojoji. Wani saje ya hau bayan motar yana taɓa kaya da bakin takalmi, idonsa ya faɗa kan buhuna. Siffar ƙota ba ta ɓoyuwa ko a cikin buhu goma.

"Kai, Baba, sauko. Menene wannan?"

"Ƙota ce, ranka ya daɗe."

"Ƙota na bindiga. Ina bakin shi? Ina ka ɓoye bakin shi?"

"Ba ta da baki. Baka ake ɗora mata."

Ya dube ni kamar na zage shi. Aka sauke kwandunan matan nan ɗaya bayan ɗaya ana neman ƙarfen bindiga, su kuwa suna ta harara ta, akuyar tsoho ta samu sarari ta dira ta shiga daji, aka bi ta. Da na ga abin zai ja mu har la'asar sai na durƙusa a bakin titi na haɗa bakan a gabansu. Na taka shi da ƙafa na ja tsirkiya, na saita wani suri na danna kunama. Kibiya dai ta shiga surin, amma tsirkiyar ta tafi da fatar babban yatsana, don na bar shi a inda bai kamata ba. Sojojin suka yi ta dariya. Sajen ya karɓa ya juya ta a rana, ya gyara hularsa a cikin ƙyallinta, ya ce, "Wannan na ado ne. Ya yi kyau a falo." Ni a lokacin yabo na ɗauke shi, har na yi masa godiya.

Daga nan hanya ta fara hawa da sauka. Wajen Kajuru na fara ganin mata suna ɗaukar kaya a kafaɗa, ba a ka ba. Ƙatuwar ƙwarya cike da itace, a zaune a bayan wuya, mace na tafe tana hira. Na tambayi wadda ke kusa da ni dalili, ta ce kai ai na tunani ne, ba jaki ba ne. Na ce a garinmu kuwa tun yarinya na ƙarama ake koya mata gammo. Ta ce shi ya sa.

Gab da Kachia motar ta fara tari, ta mutu a kan gangara. Muka sauka muka tura, har da matan, kuma in gaskiya za a faɗa sun fi ni tura ta. A Kachia direban ya ce sai gobe, ya haɗa ni da mai ɗakin ajiyar cittar da zai yi wa lodi, aka shimfiɗa mini tabarma a tsakanin buhuna. Wanda bai taɓa kwana da citta ba ba zai gane ba. Atishawa na yi ta yi har hancina ya kumbura, kuma har yau in na buɗe jakar tafiyar nan ƙanshinta ke fara fitowa. Da safe na ga yadda suke aikinta: mata a zaune da wuƙaƙe suna tsaga ta biyu, a shanya a kan duwatsu da gefen titi, duk inda ka duba fari fat. Aka kawo mini kunu, na kurɓa, hawaye suka zubo. Mu a gida citta ɗan taɓawa ake yi, su kuwa kamar gero ne ake ɗan taɓawa.

Wata motar fasinja ta kai ni Kafanchan da hantsi. Garin jirgi ne sosai, kukan inji ba ya yankewa, kuma a taku kaɗan cikin kasuwa za ka ji harsuna sun fi yatsun hannu, Hausa ce ke haɗa su, kowa da irin tasa. Akwai wani gefe na kasuwar da ake cinikin aladu, na ji kukansu tun daga nesa na canja layi. Na sami gidan Etim a kwatas ɗin ma'aikata. Matarsa ta kawo teba da miyar ganye mai manja da busasshen kifi, ta jawo kujera ta zauna, ita da mijinta kwano ɗaya, suna ci suna gardama a kan kuɗin makarantar yara. Na rasa inda zan sa idona. Miyar dai ta yi daɗi, sai da na nemi ƙari.

Da rana ta yi sanyi Etim ya goya ni a babur ɗinsa zuwa ƙauyen. Gidajensu ba katanga, ƙerana ake shukawa ta kewaye gida, rumbuna kuma a tsakar gida kamar su ne masu gidan. Saratu ta fito da fartanya a hannu, daga lambu take.

"Malam! Ka zo da lafiya? Yaya hanya, yaya su Mama a gida? Shiga, abokinka yana gindin mangwaro, can ne office nashi yanzu."

Na same shi a zaune a kan kututture, hannun hagu a cikin aljihu. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Raina ya ɓaci da na gan shi, amma ban nuna ba.

"Kafinta," ya ce, "ka yi tumbi. Katako kake ci?"

"Kai kuma Saratu ta daina ba ka abinci ne, ko rowar haƙoranka kake yi?"

Ya yi dariya, amma idonsa na kan buhun. Na kwance shi a hankali don kowa ya gani da kyau. Rana ta bugi ƙotar ta yi walƙiya. Saratu ta ce kai, karen gidan ya matso ya sunsuna ya yi atishawa ya koma gefe.

Aka ɗora busasshen duma a kan wani dutse. Ayuba ya zauna ya taka bakan da ƙafafu biyu, ya ja tsirkiya da dama ya maƙale, wannan bai ba shi wahala ba. Ya miƙe ya fito da hannun hagu daga aljihu, ranar na fara ganinsa. Ya ɗora ƙotar tsakanin yatsun nan biyu ya kai ta kafaɗa. Gaban ya fara rinjaya ƙasa. Ya ɗago, ya sake rinjaya. Yana danna kunama ƙotar ta sulluɓe daga yatsunsa, kibiya ta caki ƙasa kusa da kajin Saratu, suka watse. Ya goge tafinsa a wando ya sake gwadawa. Wannan karon gumi ya jiƙa banish ɗin, tun bai saita ba ta zame. Ya jingine ta a jikin mangwaro, a hankali, ya mai da hannunsa aljihu.

"Aiki ya yi kyau, Kafinta," ya ce. "Hannun ne ba kyau."

Ni mutum ne mai saurin fushi in an taɓa aikina, ko da ba a taɓa da baki ba. Na juya kan Etim na ce bakansa ne ya cika tauri, ya kuma yi tsawo. Etim ya ce, "Oga Kafinta, baka ɗaya ne da na babana. Amma na babana, ƙaramin yarinya zai ɗaga." Na ce na babansa ai shi ya sa gara ta cinye shi. Muna cikin haka Saratu ta kwance ɗankwalinta ta zo gabana.

"Malam, ba ni hannunka. Na hagu."

Ta lanƙwashe mini yatsu uku na tsakiya ta ɗaure su tam, ta ɗauko ƙotar ta ɗora mini. "To, riƙe. Nuna mini duma." Na ɗaga. Kafin in gama daidaita ido, tsintsiyar hannuna ta fara zafi, abin yana zamewa kamar kifi a ruwa. Na sauke.

Abin da ya faru ba wuyar ganewa. Bindigar toka tana harbin mai ita da baya, shi ya sa muke nema mata itace mai nauyi ya shanye dukan, kuma mai bindiga yana son ƙyalli don a gani a kasuwa. Baka ba ya dukan kafaɗa, nauyi ba ya ƙara masa komai. Na san da haka, an kuma faɗa mini yatsa biyu suka rage wa mutumin, amma hannuna ya yi abin da ya saba yi shekara da shekaru. Ƙyallin ma, in ji Ayuba daga baya, gada za ta hango shi tun daga wancan dutsen, warin banish kuma ya isa ya sanar da duk dajin cewa ga baƙo.

Saratu ta kawo gwaten acca da yakuwa, da atili a cikin ruwan ɗumi. Atili 'ya'yan itace ne baƙaƙe masu maiƙo, ana jiƙa su su yi laushi a ci, ana kuma tatsar mai a jikinsu. Na ci, amma ban ji ɗanɗanon komai ba. Farauta saura kwana kaɗan, a cikin makon za a fita.

Washegari muka koma Kafanchan ni da Etim neman itace mara nauyi. Muka zaga 'yan katako kaf. Duk wanda na ƙwanƙwasa sai ya amsa mini da muryar ɗanye, in na kankara da farce sai ruwa. Ɗanyen itace in ka yi ƙota da shi, kafin sati ya karkace, kibiya ta riƙa zuwa inda ba a aike ta ba. Wani ya nuna mini busasshen maɗaci, amma falle ne siriri na yin taga. Na yi tunanin rage kiryar, na ga in na fafe ta har ta yi sauƙin da ake so, gurbin tsirkiya zai tsage. Muka dawo hannu wofi, ban ko iya duban Ayuba ba da na faɗa masa.

Can ya tashi ya ce, "Zo ka gani." Ya kai ni ɗakin girkin Saratu, ya nuna sama. A kan sandunan rufi, daidai saman murhu, akwai falankai a jere, hayaƙi ya mai da su baƙi ƙirin. Na hau turmi na ƙwanƙwasa ɗaya, ya amsa mini garau. Na kankara, ɗinya ce, yankan zarton hannu, mai kauri, ta bushe har zuciya. Na ɗaga gefe ɗaya na ji ba nauyi. Na ce, "Kana da wannan ka bar mu muna yawo a rana?"

"Na akwati na ne," ya ce.

Ban gane ba sai da Etim ya yi mini bayani. Su da akwati ake binne su. Da Ayuba ya fito daga asibiti sai ya sa aka kayar da ɗinyar gonarsa aka yanka, ya ajiye a nan, don kada ranar ta zo a wahalar da 'ya'yansa da neman katako. Na sauko daga kan turmin. Mu namu likkafani ne da makara, kuma ban taɓa ganin wanda ya rataye nasa a saman tukunyar tuwo ba. Na ce masa ni ba zan sa zarto a wannan ba.

"In ban fita dutse ba," ya ce, "ai gara ka haɗa akwatin gaba ɗaya tun kana nan. Kai ne kafinta. Zaɓi wanda za ka yi."

Saratu na bakin ƙofa. Ta ce, "Malam, sauke shi. Tun da ya sa su a can, kullum ina tuƙa tuwo suna kallona. Ubangiji ya sani ban taɓa so ba. Sauke wanda ya fi kyau."

Na yi bisimilla na sauke.

A gindin mangwaron na yi aikin, da zarto da gizago da kurfin da na zo da su. Wannan karon ban auna da tsohuwar ƙota ba, da mutumin na auna. In na ɗan sassaƙa sai in ce ya tashi ya ɗora, in duba inda babban yatsansa ya faɗa in zana da gawayi, in duba inda ƙaramin ya kama in zana. Na fafe wa kowanne gurbinsa. Na rage tsawon gaba, na bar ɗan nauyin da ya rage ya koma wajen kafaɗa. Da farko yana jin nauyin miƙo mini hannun, daga baya har shi ke cewa, "Ƙara ci nan kaɗan, yana danne mini tabo."

Ban zo da samfefa ba, na manta ta a shago. Etim ya fasa kwalba muka kankare da gilashin, Saratu ta tsinko wani ganyen ɓaure mai kaushi da suke wanke ƙwarya da shi, ya kuwa yi aikin samfefa sarai. Da aka zo shafe na ce ko akwai man kaɗanya, shi muke sa wa ƙotar fartanya a gida. Ta ce su man atili suke sa wa baka, man gyaɗa yana kiran tururuwa da ɓera, manja kuma ya ɓata riga. Aka ɗumama shi kaɗan, Ayuba ya riƙa shafawa da tafin hannunsa yana murzawa har itacen ya shanye, a goge da toka, a rataye a hayaƙi, a sauko a sake. Ƙotar ta fito ruwan ƙasa mai duhu, ba ƙyalli ko kaɗan, in ka sunsuna sai ƙanshin ɗakin girki. Wurin riƙon na naɗe shi da jiƙaƙƙiyar fatar akuya, ta bushe ta kama gam. In da a shagona ne, kunya ba za ta bar ni in nuna wa kowa ita ba.

Ana gobe farauta aka sake ɗora duman. Ya ɗaga, gaban bai rinjaya ba. Kibiyar farko ta wuce ta sama, ta biyu ta ɓalle wa duman wuya. Ba wani harbin a zo a gani ba ne, kuma duma ba ya gudu. Ayuba ya zauna yana gyara gashin kibiyoyinsa har rana ta faɗi.

Da sassafe aka busa ƙaho. Fasto ya yi musu addu'a a filin gari, sannan wani tsoho ya bi layi yana duba makamin kowa. Da ya zo kan Ayuba ya karɓi bakan ya juya shi, ya sunsuna, ya tambaye shi wani abu da yarensu, mutane suka yi dariya. Sai na ga ya mayar masa ya wuce na gaba. Ayuba ya bi sahun magidanta suka nufi dutse, bai waiwayo ba.

An ce in zo, na ce gwiwoyina ba na hawan dutse ba ne. Na wuni a gida tare da mata da tsofaffi, muna jin ihu da haushin karnuka daga nesa, hayaƙi na tashi ta bayan dutsen. Saratu ta share tsakar gida, ta sake sharewa, ta ɗebo ruwan da ba a bukata. Ni kuma na gyara mata ƙofar rumbu da ƙafar benci, har da abin da bai lalace ba.

Bayan la'asar suka fara saukowa. Wasu da gada a kafaɗa, wasu da birai, samari da zomaye a rataye. Mata suna guɗa, kowace ta hango nata. Layi ya yi ta wucewa ba Ayuba. Sai can a ƙarshe, bayan kowa, muka hango shi yana tafe a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, bakan a bayansa, ya rungume wani abu a ƙirji cikin hularsa. Bai tsaya filin rabon nama ba, ya yo gida kai tsaye, wasu dattawa biyu na biye da shi.

Zabon daji ne, kibiya ta karya masa fiffike ta shiga gefen ƙirji, yana numfashi da ƙyar. Yatsun nan biyu na tallafe da wuyansa, jini ya bushe a kansu. Ɗaya daga cikin dattawan ya ce mini a al'adarsu naman farko na sabon makami na wanda ya yi makamin ne, ba a raba shi, ba a kuma ba wani.

"Tun da hantsi na same shi," in ji Ayuba. "Suka ce in murɗe wuyan in ci gaba, gada na fitowa. Na ce mai shi ba ya cin mushe. Ruwa na yi ta ɗiga masa a baki. Saratu, kawo wuƙa. Kafinta, yi sauri, tun daga kan dutse nake roƙon shi kada ya mutu."

Na karɓe shi da ɗuminsa, na juya gabas na durƙusa. Na yanka kaji ba adadi a rayuwata, amma ranar sai da Ayuba ya riƙe mini ƙafafun.